Rediyon Inna Mairo

Abba, ajiye rediyon nan. Ba cikin kwandon shara ba, a kan tebur na ce. Ku yaran gyaran waya haka kuke, da tsoho ya shigo da rediyo sai ku hau zunɗen juna, wai "Oga, ai wannan batir ne kawai da sifika." To sannunku, injiniyoyi. Ku da aikinku bai wuce ɓalle sikirin ku manna wani ba, in ta ƙi tashi ku ce fanel ne ya mutu, mai waya ya tafi yana salati. Tunda an ɗauke wuta ku zauna, in ba ku labarin inda na koyi riƙe ƙarfe.

Ni dai kun sani, ni da boko a aji uku na sakandare muka rabu, rabuwa ta mutunci, har yau ba wanda ya nemi wani. Da tsohona ya gaji da ganina a tashar Kawo ina kira wa motocin Zariya fasinja ba wanda ya sa ni, sai ya kama kunnena ya kai ni wurin Baba Audu mai rediyo. Bakatsine ne, dogo, ba ya dariya sai ranar sallah. Shagonsa na bayan tasha, wajen da yanzu ake sayar da caja da rigar waya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mi ka iya?" Na ce surutu. Ya ce, "To mu aikinmu saurare ne. Za mu ga wanda za shi fara gajiya."

Kayan aikinsa in kun gani sai kun ce na wanzami ne. Ƙarfen dalma ba na lantarki ba, na jan ƙarfe, a kurfoti ake gasa shi, ni ne mai fifita. Mita mai allura, an ɗaure bayanta da robar tayar keke. Tsohon burushin haƙori na share ƙura, an fiƙe gindinsa ya zama sukudireba, don akwai wuraren da in ka sa ƙarfe tasha za ta gudu. Sai wani ɗan gwangwanin man zafi da ba ya yarda ko kallonsa in yi. Batir kuwa da harshe muke gwada shi. In azumi ya zo sai mu koma ga mita, muna jin kamar an rage mana ilimi.

Aikin farko da na fara gane wani abu a kansa, na wani mai gadi ne Bazamfare da ke tsaron gida a Unguwar Sarki. Ya zo ya ce rediyonsa na magana kamar wanda ya cika baki da garin kwaki. Na kunna, na ji kiɗa na tashi, na ce, "Baba, ai lafiyarsa lau, kunnen mai shi za a wanke." Baba Audu ya ɗaga hannu kamar zai shafa min kai, ya sauke min ranƙwashi. Ya murɗa zuwa inda ake karanta labarai, ya ce in rufe ido. Wallahi sai na ji mai karatun kamar ta cikin tsagaggen gwangwani yake magana. Ya ce, "Ba a gwada rediyo da kiɗa. Kiɗa munafuki ne, shi ke rufa wa aikin banza asiri. Da muryar wanda ka sani ake gwadawa."

Da yake ya san ba abin da ke zama a kaina sai harkar tasha, da ita ya yi min karatun. Bar batun FM, wannan hanyarta daban. Maganar AM nake yi, matsakaicin zango da gajere, wanda tsofaffi ke ji. Ya ce gidan rediyo loda murya yake yi a mota ya turo ta cikin iska. Kai ba motar kake so ba, fasinjan kake so. To a cikin rediyo akwai 'yar ƙofa inda ake sauke fasinja. Mai gadin ƙofar shi ne dayod, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa ta gilashi. A bayansa akwai kwandansa da razista, su ke kore hayaƙin mota su bar murya ita kaɗai.

Masu gadin iri biyu ne. Akwai na da, jamaniyam, mai ladabi, ko da yatsa ɗaya ka ƙwanƙwasa zai buɗe. Akwai na yanzu, silikon, irin wanda ya cika cajojinku, ɗan taurin kai, sai an doki ƙofa da ƙarfi yake motsi. Ita kuwa murya ba dukanta ke zuwa da ƙarfi ba. Akwai numfashi, akwai wutsiyar kalma, akwai ɗan laushin da ke sa ka gane babanka ko a bayan katanga yake. Duk waɗannan silikon a waje yake barinsu. Za ka ji magana, ka gane abin da ake faɗa, amma mutumin ya zama wani. Kwandansa kuma in ya yi girma zai kashe maka shuuu ɗin nan, amma ya haɗa da kaifin murya, mutum ya koma kamar hancinsa a toshe. Ku riƙe wannan ta toshewar hanci, za mu dawo kanta.

Abin da ke cikin gwangwanin man zafin ke nan, jamaniyam, waɗanda ya yi shekaru yana cirowa daga matattun rediyoyi. In zai ɗaura ɗaya sai ya kama ƙafarsa da filaya, don zafin ƙarfe kaɗai na kashe shi. Bazamfaren nan, da aka sa wa rediyonsa ɗaya, ya kanga a kunne ya ce, "Yawwa, mutumina ya dawo." Mai karanta labarai yake nufi, wanda bai taɓa gani ba.

Zamanin da daɗi. Da hantsi direbobi, da yamma 'yan fansho, su zauna a benci suna gardamar wace tasha ta fi gaskiya, ni ina tsakiya ina zuga kowa. Masu tallan goro da masu turin baro kowa da rediyonsa a rataye, an ɗinka masa rigar fata kamar laya. Mutum zai bar maka agogonsa ya manta, amma rediyo, zama zai yi ya jira.

Sai shekarar da rediyon Caina mai mimori da tocila ya cika kasuwa. Gyara ya zo ya fi sabo tsada, wa zai gyara? Benci ya koma wurin barcin akuya. Muka bar shago muka koma ɗan kes na katako, kuma kes ba zai ɗauki tulin matattun rediyoyin da ke bayan shago ba, dole Baba ya kira 'yan gwangwan suka auna suka loda. Sai da kurarsu ta sha kwana ya tuna a cikin ɗaya daga cikin gawarwakin nan yake ɓoye gwangwanin man zafi, wai don kada in yi wasa da shi. Na bi su da gudu har titin Mando, ko ƙurarsu. Baba ya ture kwanonsa. Abincin rana dai ranar ni na cinye nawa na cinye nasa.

A shekarar kuma kunnensa ya fara tafiya. Da farko "mi?" sau ɗaya, ya koma sau uku. Sai na ga yana ɗora yatsu a kan sifika don ya ji motsinta. Ni na zama kunnensa, na kuma buɗe gyaran waya a gefen teburinsa don mu samu na cefane. Yakan kalli aikin nawa ya ce, "Wannan ai ɗinkin faci ne."

Ana nan wani azumi da ya faɗo cikin damina, wata tsohuwa ta tsaya a bakin kes da abu ƙunshe a ɗankwali. Baba Audu ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin ya tashi wa kwastoma ba. Inna Mairo ce daga Unguwar Kanawa, matar marigayi Alaramma Tukur, aminin Baba tun suna samari. Shi Alaramma mai jan baƙi ne a tafsiri, wato shi ke rera aya, malami ya fassara. Ya daɗe da rasuwa, amma wani gidan rediyo yana da tsofaffin faya-fayan tafsirin, kowane azumi bayan azahar sai ya sa a matsakaicin zango. Shekara da shekaru haka take yi, in lokaci ya yi ta shimfiɗa tabarma ta kunna. To a bana an yi sanarwa, in an rufe wannan tafsirin an gama da tsofaffin faya-fayan, sabon malami za a ba filin. Ga shi tun farkon azumi rediyon ya faɗo daga kan taga ya yi shiru. Jikokinta suka kai wa wani a kasuwa ya tashe shi.

Na kunna, ya kama tasha raɗau. Da yake sa'ar kakata ce, na ce, "Amaryata, me kike so kuma? Ga shi yana magana."

Ta ce, "Kai angon banza, ce maka na yi ba ya magana? Wani ƙato suka saka min a ciki, yana karatu da sunan Malam."

"To a saya miki sabo mana, mai tocila."

"Sun saya. Wannan ƙato ne, sabon kuma aljani. Yaran cewa suke tsufa ne ya taɓa min kunne. Mutumin da na yi shekaru ina jin tilawarsa ta bayan labule, shi zan kasa ganewa?" Sai ta juya wajen Baba, ta ɗaga murya. "Malam Audu, ni dai ko sau ɗaya ne in ji shi kafin su ɗauke shi."

Ban san ko ya ji duka ba. Ya dai karɓi rediyon da hannu biyu.

Da muka buɗe, ga silikon zaune a ƙofa, ga wani kwandansa ƙato a bayansa kamar ɗan dako. Na fara zagin mai gyaran, Baba ya ce in bari. "Ba mugu ba ne. Cikin kasuwa ya gwada, da kiɗa." Jamaniyam ake nema, jamaniyam kuma ya bi 'yan gwangwan. Na taka Fanteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, da ƙafata, da azumi a bakina, ina tonon bola kamar kaza. Waɗanda na samo duk sun mutu. Wani ya sayar min da ɗaya yana rantsuwa, muka ɗora a mita, ashe silikon ne ya sa rigar gilashi. Kafin mu ankara an shiga goman ƙarshe, malamai sun fara sauri don su rufe.

Rannan Baba na zaune yana kallon rediyon, sai ya ce, "Kai ɗan tasha. In mai gadi ya ƙi buɗe ƙofa, mi kuke yi?"

Na ce, "Na goro ake ba shi."

"To ba shi na goro."

Abin da yake nufi, a jawo 'yar wuta kaɗan daga batir, ta bi ta razista mai juyawa, a riƙa ɗiga wa silikon ɗin, yadda ƙofar za ta zauna a ɗan buɗe tun kafin murya ta iso. Ya sa na ƙara wani dayod ɗin a gefe ya riƙe ma'auni, don kada in batir ya yi sanyi aikin ya rushe. Ya zana min a bayan kwalin ashana, na haɗa. Amma ga inda gizo ke saƙar: in goron ya yi kaɗan, mai gadi na nan da halinsa. In ya yi yawa, ƙofa ta wangale, murya ta dushe. Wurin da ya dace ɗan tsakani ne kamar kaurin gashi, kuma mitar Baba ba za ta nuna maka shi ba, sai kunne. Shi ya san muryar Alaramma amma ba ya ji. Ni ina ji amma ban taɓa sanin mutumin ba.

Na ce masa, da ihu, "To kunnen wa za mu ara?"

Ya ce, "Mai kunnen na Unguwar Kanawa. Ɗauko kurfoti."

Dama ko ba don haka ba, ba a saita AM a kes ɗin da caja goma ke a jone, zuuu kawai za ka ji. Muka hau a-daidaita, ni da kurfoti a cinya, Baba rungume da rediyo. Aka yi mana shimfiɗa a zaure. Ana fara shirin tafsirin, sai hadari ya taso daga gabas. Ku ba ku san AM da walƙiya ba. Kowace walƙiya sai rediyo ya yi ƙarar kamar ana yaga atamfa. Haka muka zauna har aka yi addu'a, ba mu tsinci komai ba sai mai gabatarwa yana cewa gobe in Allah ya kai mu za a rufe.

Inna Mairo ta naɗe tabarmarta ta ce, "Allah ya kai mu." Ranar ko amarya ban kira ta ba.

Washegari gari ya yi wasai. Tun kafin azahar muna zaure, gawayi ya kama, na jera kwandansa ƙanana a kan faranti. Baba bai zauna kusa da rediyo ba, ya je ya zauna inda zai riƙa ganin fuskarta. Na ajiye wayata can nesa kaɗan tana naɗa. Aka yi sallama, malami ya yi gabatarwa, Alaramma ya ja aya.

Ta ce, "Ƙaton ne."

Na sa gindin burushi na murɗa kaɗan.

"Shi ne dai, ya ɗan rame."

Na ƙara. Wahalar ita ce sai an jira malami ya gama fassara kafin Alaramma ya sake jan wata, shi kuma malamin ranar rufewa ce, ya samu fili, sai nasiha yake yi. Gumi na bin bayana. Da aya ta zo na sake murɗawa.

Ta karkata kai. "Wannan kamar ƙaninsa na Kano."

Na ce, "Mun shigo dangi ke nan."

"Yi aikinka, sarkin surutu."

Na murɗa, ta ce na wuce shi, ya koma cikin rijiya. Na dawo baya kamar mai taka ƙwai. Sai ga wani abu da ban ji ba tun da muka fara: kafin ya ja ayar, na ji ya ja numfashi. Ƙaramin abu, irin wanda mai gadin ke bari a waje. Muryar ta fito sumul, ba tsaga ba kaushi. Carbin da ke hannun Inna Mairo ya tsaya.

Amma ni kunnena na gaya min da saura. Muryar na fita ta hanci, a ɗan toshe. Na ce a raina kwandansa ne, har yanzu ya yi girma, karatun da aka yi min da ranƙwashi ke nan. Ga lokaci na tafiya, an kusa addu'a. Na zaro ƙarfe daga wuta, na ɗauki ƙarami a faranti, na ce, "Inna, minti ɗaya, zan kashe in buɗe masa hanci."

Ta kama min hannu. Tsohuwa, amma riƙon kamar filaya.

"Kada ka taɓa. Mura ce."

Na ce, "Wace mura?"

"Tasa. Shekarar da aka naɗi karatun nan ruwa ya dake shi a hanyar masallaci, ana jibi rufewa. Na dafa masa citta da kanumfari da sahur, ya ce ɗaci, ya ture." Ta saki hannuna, ta matsa kusa da rediyon, ta yi ƙasa da murya. "Ai ga shi nan. Mutum a ce sha, ya ƙi. Ji yadda kake karatu gaban jama'a."

Na mayar da ƙarfe cikin wuta a hankali. Saura ƙiris in yi wa mamaci maganin mura da dalma.

Baba Audu na can yana kallon bakinta yana kallon nawa. Ya miƙo wuya ya ce, "Mi ta ce?"

Na matsa jikin kunnensa, don kada in rufe karatun, na ce, "Ta ce mura yake yi."

"Mi?"

"Mura. Alaramma. Ya ƙi shan citta."

Na ɗauka bai ji ba. Can sai na ga kafaɗunsa na rawa. Baba Audu ne ke dariya, ba sauti, har da hawaye, ga sallah ba ta zo ba. Ya share ido da hannun riga ya ce, "Tukur ke nan. Rufe murfi."

Ban rufe ba sai da aka shafa addu'a, don ko sukurun ban yarda in taɓa ba. Abin da wayata ta naɗa na zuba mata a mimori, jikokin suka sa a rediyon nan mai tocila. Aka ce ba ta kunnawa sai azumi, sai kuma bayan azahar. Wai Malam ba ya karatu sai lokacinsa ya yi.

Kurfotin Baba ne wancan a ƙarƙashin tebur, wanda kuke ɗora takalma a kai. Abba, sauke su ka hura gawayi. Ka kuma leƙa waje ka ce wa mai rediyon nan ya shigo ya zauna, ina so in ji wa yake saurare.